Wa Za a Damƙa wa Numfashi? Mas'alar Zaɓen Malamin Nutso

Duk wanda ya san Gidigir, garin nan na gundumar Gure da ke bisa babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Difa, ya san cewa mutanensa ba su da wata hulɗa da teku, domin tsakaninsu da gaɓar ruwan gishiri mafi kusa akwai tafiyar da ta haura kilomita dubu, kuma ruwan da suka saba da shi shi ne na rijiya, da na kwarurukan da ke kwance tsakanin tuddan rairayi inda ake lambu da dabino, da na tafkunan damina, sai kuwa tafkin Gidimuni ga wanda ya yi yamma. Saboda haka mai karatu yana da uzuri idan ya yi mamakin a ɗauko masa zancen koyon nutso da tulun iska a bayan mutum. Amma samarin ƙasar nan ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, neman abinci ya kai su Legas da Kwatano da Dakar, ziyarar Ɗakin Allah ta kai su Jidda a bakin Bahar Maliya, kuma a waɗannan wurare akwai shaguna da ke koya wa mutum shiga ƙarƙashin ruwa su ba shi takardar shaida, wani don sha'awa, wani don fatan ta zama masa tsani zuwa aikin tashar jirgi. Ranar da ɗanmu ya tsaya a ƙofar irin wannan shago da kuɗinsa a aljihu, ya tsaya ne gaban wata tsohuwar mas'ala wadda malaman usulu suka daɗe suna jujjuyawa, ko da shi bai sani ba.

Mas'alar kuwa ita ce, yaya wanda bai san ilmi ba zai gane masanin ilmin? Idan an ce ya auna malamin, to da wane ma'auni, alhali ma'aunin shi ne ainihin abin da ya zo nema? Idan kuma an ce ya miƙa wuya ga duk wanda ya fara cin karo da shi, an buɗe ƙofa ga kowane mayaudari mai zaƙin baki. Malaman usulu sun yi bahasin wannan a babin ijtihadi da taƙlidi, wurin da suke maganar ba'ame da ke neman wanda zai yi masa fatawa, suka ce ba a yafe masa bincike ba, sai dai bincikensa na daidai ƙarfinsa ne: ya dubi wanda ilminsa da adalarsa suka shahara, wanda ake ganin mutane na ɗauka daga gare shi ma'abota sani ba su yi inkari ba, ko ya ji daga amintattu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo gefen zancen a littafinsa Munƙizu, inda ya nuna cewa wanda ya san wani abu na likitanci ko na fiƙihu zai iya gane likitoci da faƙihai ta hanyar lura da halayensu da sauraron maganganunsu. Shi kuwa Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allimi da ba a rasa shi a zaurukan karatu na ƙasar Hausa, ya keɓe fasali guda ga zaɓen ilmi da malami da abokin karatu, har ya kawo shawarar cewa baƙon da ya shiga garin ilmi ya yi wata biyu yana dubawa yana shawara kafin ya durƙusa gaban kowa. Dalilin da ya bayar shi ne kada ɗalibi ya fara da malami sa'an nan ya bar shi, ya rasa albarka. A sha'anin nutso dalilin ya fi wannan tsanani, domin wanda ya yi kuskuren zaɓe sau da yawa ba ya samun damar sakewa.

Wajibi ne a bayyana inda hatsarin yake, don kada a ɗauka tsoratarwa ce kawai. Ruwa yana da nauyi, kuma duk zurfin mita 10 da mutum ya sauka a teku ana ƙara masa matsi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa, ta yadda a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Tun 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa iska tana tsukewa gwargwadon matsin da aka yi mata, tana kumbura idan an sassauta. To, na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943, wadda ita ce uwar duk kayan nutson zamani, aikinta shi ne ta ba mutum iska daidai da matsin ruwan da yake ciki. Ma'ana, wanda ya cika huhunsa a zurfin mita 10, sa'an nan ya firgita ya riƙe numfashi ya yunƙuro sama, iskar da ke ƙirjinsa za ta nemi ninkuwa biyu kafin ya iso, huhu kuwa ba ya ɗaukar haka, sai ya tsage, kumfar iska ta shiga jini ta nufi ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wata cuta ta biyu mai zuwa a ɓoye, ita ce iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini da tsoka muddin mutum na ƙasa, wadda idan an fito da gaggawa take tasowa kumfa-kumfa a gaɓoɓi da laka, ta bar mutum da azabar ciwo ko shanyewar jiki. Paul Bert ya gano sababinta a 1878, John Haldane kuma ya tsara jadawalin fitowa daki-daki a 1908.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu Hausawa mu tsaya a kansa, domin ya taɓa abin da muke alfahari da shi. Muna da Sarkawa, muna da gwanayen ruwa na Kabi da Yawuri waɗanda ake zuwa kallo a Argungu, mutanen da suka gaji nutso kaka da kakanni, kuma duk gwanintarsu ta ginu ne bisa riƙe numfashi: wanda ya fi daɗewa a ƙasa da iska guda shi ne gwani. Haka ma masu nutson lu'ulu'u da Ibn Batuta ya gani a tekun Fasha, da matsin hancinsu na ƙoƙon kunkuru da igiya a ƙugu. Wannan ilmi ne sahihi a muhallinsa, domin iskar da aka shaƙa a sama aka sauka da ita ba za ta wuce girmanta na farko ba idan an dawo. Amma ranar da ɗan Sarkawa ya goya tulun iska, wannan ɗabi'a da ubansa ya dasa masa tun yana yaro, wadda ta cece shi sau ba adadi, ita ce za ta zama ajalinsa idan bai sami wanda ya kankare masa ita ba. Ashe gado, duk da darajarsa, ba ya wadatar da mutum daga sanadi a fannin da bai gada ba, kuma gwanin iyo ya fi wanda bai iya ba buƙatar malami mai tsanani, saboda amincewar da ya yi wa kansa.

Sai mu zo ga takarda. A 1959 aka kafa ƙungiyar CMAS a Monako, Cousteau ne shugabanta na farko, a 1966 kuma John Cronin da Ralph Erickson suka kafa PADI a Amurka, akwai kuma wasu irinsu. Waɗannan ƙungiyoyi sun tsara darasi, sun horar da malamai, sun ba kowane malami lamba, kuma a tsarin PADI matakin farko ya ƙunshi karatu, da gwaji cikin ruwa mara zurfi, da nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, bayan ɗalibi ya nuna yana iya iyon mita 200 da zama bisa ruwa na minti 10, sa'an nan a ba shi izinin sauka har mita 18. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ita ce ijaza, wadda malami ke rubuta wa almajirinsa ya ambaci daga wa ya ɗauka, shi ma daga wa, kuma saboda girman wannan sha'ani ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi, yana lissafa shehunnan da ya yi karatu wurinsu. A fagen sana'o'in da suka shafi rai ma an riga an yi, domin tarihi ya kawo cewa a 931, bayan wani majinyaci ya mutu ta kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinan ibn Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza, a hana wanda bai ci ba taɓa marasa lafiya.

Sai dai ina ganin akwai bambanci guda tsakanin ijazar zaure da takardar shago, kuma a cikinsa ne hatsarin yake. Shehin da ke karantar da Muwaɗɗa a zaurensa ba ya asarar kome idan ya ce wa almajiri ya ƙara shekara, amma mai shago ya karɓi kuɗi, yana da hayar wuri da man kwalekwale da albashin yara, ga wani ayari na jiran layi, kuma ya san ɗalibin da aka kayar ba zai aiko masa da abokansa ba. Mai ba da shaida da mai cin ribar shaidar sun haɗu a jikin mutum ɗaya, abin da alƙali ba zai karɓa ba a majalisarsa. Tambarin ƙungiya da ke rataye a bango yana nuna cewa an taɓa koya wa mutumin nan daidai, amma ba ya faɗin abin da yake yi yau da rana tsaka idan ya gaji kuma ba mai ganinsa. Takardar kuwa shahada ce, ma'anarta wane ya tsaya ya gani da idonsa cewa wane ya iya kaza da kaza. Idan aka sa hannu alhali ba a gani ba, sunan wannan a Shari'a shahadar zur, wadda aka lissafa cikin manyan kaba'irai, kuma sharrinta ba ya tsayawa kan ɗalibin, domin ƙa'idar nutso ita ce a sauka biyu-biyu, gobe wani bawan Allah a wata ƙasa zai dubi wannan takarda ya yarda ya sauka tare da shi, yana zaton idan iskarsa ta yanke akwai mai miƙo masa tasa.

To, me ya rage wa ba'ame? Abin da ya rage masa ya fi yadda ake zato, kuma mutumin Gidigir ya riga ya san shi daga bakin rijiya. A dubi yadda tsohon mahaƙi ke yi idan aka kira shi yasar rijiyar da ta daɗe a rufe. Ba ya ɗaura igiya da isowarsa. Yakan sa a buɗe bakin a bar shi ya sha iska, ya zauna ya bi igiyar da tafin hannunsa kamu-kamu yana neman inda ta sassaƙe, ya girgiza gwafar da ƙarfi, sa'an nan ya kunna aci-balbal ya zura ta a hankali yana leƙe. Idan harshen wutar ya yi ƙasa ya mutu kafin ta kai ruwa, sai ya naɗe igiyarsa ya ce yau ba a shiga, ko mai rijiya ya yi fushi, ko an ƙara masa lada. Kuma ba ya yarda kowa ya riƙe masa igiya sai wanda ya sani, sun yi alkawarin ja nawa ke nufin a fito da shi. Mai rijiya bai san kome game da iskar da ke kashewa a ƙasa ba, amma da ya ga wannan ya san a hannun wa yake. Bai auna ilmin mahaƙin ba, taƙawarsa ya gani, ita kuwa taƙawa a sana'a tana da alamomi na zahiri da ba su ɓuya ga mai ido.

Haka ɗanmu zai yi a shagon nutso. Ya nemi a nuna masa tulun, ya dubi wuyansa, domin a nan ake buga kwanan watan da aka yi masa gwajin ƙarfi na ƙarshe, tulu ne da ake ɗura wa iska har ninki 200 na matsin da muke ciki. Ya zagaya baya ya ga inda injin ɗura iska yake zuƙa, domin idan bakinsa na kusa da hayaƙin janareto, gubar da ke kashe masu sauke injin ban-ruwa cikin rijiya ita ce za a ɗura masa ya sauka da ita. Ya buɗe kan tulun kaɗan ya sunsuna, iska mai kyau ba ta da warin mai. Ya tambaya ko akwai iskar oksijin ta agajin gaggawa a kwalekwale, da inda asibiti mai ɗakin matsin iska yake, ya lura ko amsar ta zo nan take ko sai an yi ta kame-kame. Ya ƙirga ɗalibai nawa ke bin malami ɗaya. Sa'an nan ya zauna a gefe ya kalli darasi guda, musamman wurin da ake sa ɗalibi ya durƙusa cikin ruwa ya cire gilashin fuskarsa, ruwa ya rufe masa ido da hanci yana ci gaba da numfashi ta baki, ya mayar, ya danne saman gilashin da yatsu, ya ɗaga kai ya hura ta hanci har ruwan ya fita. A nan ake firgita, kuma a nan ake gane malami. Wani zai tsaya gab da ɗalibin, hannunsa na kan ɗamararsa, ya sa shi ya maimaita har jikinsa ya daina rawa, wani kuwa da an yi sau ɗaya da ƙyar sai ya ɗaga yatsa ya wuce ga na gaba.

Amma alamar da na fi ba ƙarfi, wadda nake ganin ta rinjayi sauran duka, ita ce ikon hanawa. Malamin kirki yana fara tambaya kafin ya fara karɓa: ko kana da asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko kunnenka ya taɓa fashewa, ko kana da sikila, wadda ta yawaita a cikinmu kuma ba ta jituwa da nutso, mace kuma ko tana da juna biyu. Zai tambayi ranar tafiyarka, domin ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, ko 18 bayan nutso da yawa, abin da ya kamata mai umara da ya tsaya Jidda ya riƙe. Wanda aka ce wa je ka ga likita tukuna, kada ya ji haushi, ya gode wa Allah da ya haɗa shi da mai amana. Kuma babu laifi ɗalibi ya tambayi tsofaffin ɗaliban wuri ko sun taɓa ganin an ce wa wani bai iya ba ya dawo, ko an fasa fita don teku ta ɓaci alhali an riga an biya. Shagon da kowa ke ci a cikinsa, kowace rana kuma ranar fita ce, shaidarsa ba ta bambanta kowa da kowa, don haka ba ta da amfani. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma kwana biyun da aka rage daga darasi don a sauke farashi daga wani wuri aka yanko su.

Akwai kuma tambayar na kusa ko na nesa. Ni ra'ayina, idan sharuɗɗan nan sun cika, malamin garin da mutum yake zaune ya fi na wurin yawon buɗe ido, ko da na can ya fi suna da kyan kaya. Dalili shi ne maƙwabtaka lamuni ce. Wanda ya koya maka a garinku zai ci gaba da haɗuwa da kai a kasuwa da masallaci, idan wani abu ya same ka shi zai dubi idon danginka, kuma ya koya maka cikin irin ruwan da za ka riƙa shiga, da duhunsa da igiyarsa, saɓanin wanda ya san jibi za ka hau jirgi ba zai ƙara jin labarinka ba. Baƙo kuwa, wanda ba shi da maƙwabci a Legas ko Dakar, yana da abin da fatakenmu suka dogara da shi tun zamanin ayarin Gwanja, wato mai masauki da sarkin zango, waɗanda aikinsu ke nan su ara wa baƙo saninsu na mutanen gari. Su ba su san nutso ba, amma sun san wanda ke cika alkawari da wanda yaransa ke kuka da shi, kuma mutumin da ke tauye haƙƙin yaransa da wuya ya canja tacen injinsa a kan lokaci.

Na san za a ce duk wannan ƙididdiga ta yi yawa ga mumini, rai a hannun Allah yake, wanda kwanansa bai ƙare ba ruwa ba ya cinsa. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma Ma'aikin Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne shugaban masu tawakkali, kuma ya sa sulke biyu ranar Uhudu, Alƙur'ani kuma ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Labarin Harrison Okene ya isa misali. Mai dafa abinci ne a jirgin ja mai suna Jascon 4, wanda ya kife ranar 26 ga Mayu 2013 a tekun Najeriya ya kwanta a zurfin kimanin mita 30. Cikin ma'aikata 12 shi kaɗai ya tsira, ya yi kusan sa'a 60 cikin duhu a wani lungu da iska ta maƙale, har masu nutson da aka aiko ɗauko gawawwaki suka iske shi da rai. Babu mai shakkar cewa wannan ikon Allah ne. Amma a lura da sababin da Allah ya bi da shi: da mutanen nan jahilai ne masu tausayi, da sun fizgo shi zuwa sama nan take don murna, da sun kashe shi da hannunsu, domin jikinsa ya ƙoshi da naitirojin. Saboda an koya musu daidai, sai suka sa masa kayan numfashi, suka kai shi cikin akwatin ƙarfe na masu nutso mai siffar ƙararrawa, daga nan zuwa ɗakin matsi inda ya ƙara kwanaki ana sassauta masa a hankali. Shi kansa daga baya ya shiga makaranta ya sami takardar nutson aiki a 2015.

Wannan ya kawo mu ga gargaɗi ga mai neman abinci, cewa takardar mita 18 ta shaƙatawa ce, ba ta halatta wa mutum walda ko gyaran ƙarfe a gindin jirgi, wannan fanni ne dabam mai makarantunsa da watanninsa, kuma duk shagon da ya ce wa yaro da wannan katin zai sami aikin kamfani ya sayar masa da garari. Ubangidan da ya ɗauke shi aikin a haka shi ma bai kuɓuta ba, domin fiƙihunmu na Malikiyya, da ya ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su, kuma ya ɗora wa mai yin magani ba da sani ba alhakin abin da ya ɓata, ba zai sauke wa wanda ya tura ɗan mutane ƙarƙashin ruwa ba da horo ba.

Mu da ke nesa da teku kuma akwai rabonmu a cikin zancen. Kowace damina tafkuna da kududdufai suna cin yara a ƙasar Damagaram, rijiyoyi suna rufta wa mahaƙa, kuma yawanci wanda ke faɗawa ceto ɗan'uwa ne da ba shi da kome sai zuciya, har a wayi gari ana jana'iza biyu maimakon ɗaya. Samun mutane a kowace gunduma da suka koyi ceto a ruwa da rami a hannun ƙwararru farilla ce ta kifaya, idan babu ko ɗaya laifin ya hau kan kowa. Idan hukumar gari ko attajiran kasuwar Gidigir suka tashi ɗaukar nauyin samari biyu ko uku su je su koyo, to kada a bar zaɓen makarantar ga wanda ya fi rangwame, a aiki dattijo guda tare da su, irin wanda ya san bakin rijiya, ya je ya zauna kwana biyu yana kallon yadda ake darasi kafin a biya ko dala.